Zaman Aro: Tarihin Mafakar Wucin Gadi Daga Haiti Zuwa Ƙasar Hausa



Gabatarwa

Ranar da aka liƙa sanarwar wannan lacca, wani abokin aikina ya tare ni ya ce, "Malam, kai da aka sani da nazarin Hausa, me ya haɗa ka da Haiti?" Tambayarsa tana kan hanya, saboda haka da amsarta zan fara.

Haiti ƙasa ce ta baƙar fata a tekun Karibiyan, ta raba tsibiri ɗaya da Jamhuriyar Dominika. Mutanenta jikokin bayi ne da Faransawa suka kwasa daga Afirka don noman rake, kuma a cikin takardun da masu gonakin suka lissafa bayinsu akwai waɗanda aka rubuta ƙabilarsu Hausa. Bayin sun yi tawaye a 1791, suka kafa ƙasarsu ranar 1 ga Janairu, 1804, watau 'yan makonni kafin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun wannan shekara. Wannan dangantaka ce ta jini da ta tarihi. Amma abin da ya fi jawo hankalina shi ne halin da 'yan Haiti mazauna ƙasashen waje suka daɗe a ciki, na zama a ƙasar wani da takardar da ke ƙarewa kowane 'yan watanni. Bahaushe ya san wannan zama. An yi masa shi a Sudan da Gana, shi ma ƙasarsa ta yi wa wasu.

Abin da nake so in tabbatar a yau abu ɗaya ne. Duk mafakar da aka kira ta wucin gadi takan zarce wa'adinta, domin masifar da ta kori mutane ba ta karanta takarda. Kuma idan ba a yi wa mafakar ƙofar da za ta kai mutum ga zama na dindindin ba, to, wata rana ita ce za ta zama igiyar da za a ja shi da ita a fitar. Zan auna wannan magana da ma'aunin da manomin ƙasar Minjibir ya sani, watau bambancin gonar aro da gonar gado.

Haiti da Takardar Wata 18

Ba a banza 'yan Haiti suka watsu a duniya ba. A 1825 Faransa ta ɗora wa ƙasar biyan diyyar faran miliyan 150 kafin ta amince da 'yancinta, bashin da ya tsotse ta shekara da shekaru ko da yake an rage shi daga baya. Amurka ta mamaye ta daga 1915 zuwa 1934. Gidan Duvalier, uba da ɗa, suka yi mata mulkin kama-karya daga 1957 zuwa 1986. Sannan ranar 12 ga Janairu, 2010, girgizar ƙasa ta rushe babban birninta, Port-au-Prince, gwamnati ta ce mutum fiye da 200,000 sun halaka, wasu kimanin miliyan ɗaya da rabi suka rasa matsuguni.

A nan ne wata matsala ta shari'a ta bayyana. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ya bar ƙasarsa don tsoron zalunci saboda launinsa, ko addininsa, ko ƙabilarsa, ko ra'ayinsa na siyasa da makamantansu. Wanda girgizar ƙasa ko fari ya kora ba ya cikin wannan ma'ana. Don cike wannan giɓi Amurka tana da wata doka da ta yi a 1990, wadda ta ba gwamnati ikon ta ce 'yan wata ƙasa da yaƙi ko bala'i ya afka wa, waɗanda suka riga suka shigo Amurka, kada a mayar da su gida na tsawon wata 6 zuwa 18, a kuma ba su izinin aiki. Ana iya sabunta wa'adin. Sai dai komai yawan sabuntawar, dokar ba ta ba mutum haƙƙin zama na dindindin ba. A watan Janairun 2010 aka sa Haiti a ƙarƙashinta, na wata 18.

Wata 18 ɗin nan sai ga shi ya haura shekara 15. An yi ta sabuntawa har Nuwamban 2017, lokacin da gwamnatin Donald Trump ta sanar da soke kariyar ga mutum kusan 60,000, kotuna suka tsayar da ita. A 2021, shekarar da aka kashe shugaba Jovenel Moïse kuma wata girgizar ta sake afka wa kudancin ƙasar, gwamnatin Joe Biden ta sabunta ta, ta kuma faɗaɗa ta a 2023 da 2024, har masu cin moriyarta suka kai kimanin 350,000. A 2025 gwamnatin Trump ta biyu ta sake sanar da soke ta, alhali 'yan daba ne ke riƙe da mafi yawan unguwannin Port-au-Prince, magana ta sake komawa gaban alƙalai. A tsawon waɗannan shekaru mutane sun yi aure, sun kama aiki, sun haifi 'ya'yan da ba su san wata ƙasa ba sai Amurka, amma ba wanda ya san ko baɗi warhaka yana nan.

Maƙwabciyarsu Dominika ta yi abin da ya fi wannan. A 2013 kotun tsarin mulkinta ta yanke cewa duk wanda aka haifa a ƙasar tun daga 1929, in iyayensa ba su da takardar zama, ba ɗan ƙasa ba ne, domin a ganin kotun iyayen nasa masu wucewa ne kawai. Hukuncin ya shafi mutum kimanin 200,000, galibinsu jikokin 'yan Haiti da aka kawo yankan rake. Ina roƙon ku riƙe wannan kalma ta "masu wucewa", domin za mu sake gamuwa da ita a Sudan, a kan Hausawa.

Baƙo a Ƙasar Hausa Kafin Zuwan Takarda

Yanzu mu dawo gida, mu ga yadda kakanninmu suka warware wannan matsala. Bahaushe yana cewa, "Baƙo raɓa, ɗan gari kaba." Ma'ana, baƙo kamar raɓa yake, da hantsi ya ɗaga ya tafi, ɗan gari kuwa kamar kaba, ko an sare ta sai ta sake tohowa. Amma wanda ya dubi tarihin Kano zai ga raɓar ta sha zama kaba. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, da zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Sunayen unguwannin birni ma shaida ne: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi, Dandalin Turawa. Yau in ka ce wa mutumin Tudun Nufawa baƙo ne shi a Kano, dariya zai yi maka.

Yadda wannan sauyi ke faruwa ya fi fitowa fili a karkara, musamman a ƙasa irin ta Minjibir. Wannan yanki na arewacin birnin Kano yana cikin wuraren da masana, irin su Michael Mortimore da ya yi nazarinsa tun shekarun 1960, suka bayyana da cewa jama'a ta yi cinkoso ƙwarai, har babu saura. Kowace gona ana noma ta kowace damina, taki ne ke riƙe da ita, jakuna na kai itace birni su komo da shara. Ga saƙa, sana'ar da aka san Minjibir da ita tun da daɗewa, wadda ke jawo masu saye daga nesa. A wurin da ƙasa ta yi tsada haka, mutum zai zaci ba a karɓar baƙo. Amma ana karɓa, kuma da tsari. Baƙo yakan sauka wurin mai masauki, shi kuma ya kai shi gaban mai unguwa ko dagaci, ya tsaya masa. Sai a ba shi aron gona. Gonar aro tana da sharaɗi: abin da ka shuka naka ne, amma itatuwan da ke cikinta, ɗorawa ko tsamiya, na mai gona ne, kuma ba ka dasa naka, domin dashen itace alamar mallaka ce. In an ga halinsa, sai ya matsa ga haya ko jingina, daga nan ya sayi tasa, ya nemi aure a garin a ba shi. Ran da ya mutu 'ya'yansa suka gaji gonar, magana ta ƙare, sun zama 'yan gari. Aro, jingina, saye, gado: tsani ne mai matakai, kuma kowa ya san inda ya nufa.

Ta wannan tsani Agalawa suka hau. Asalinsu Buzaye ne da suka gangaro daga arewa suka zauna a ƙasar Katsina da Kano tun ƙarni na 18, suka rungumi fataucin goro, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a bincikensa. Daga cikinsu aka sami Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji, ya yi fatauci a Gwanja, ya rasu a 1955 yana attajirin da ba kamarsa a Kano.

Malaman fiƙihu ma sun tattauna wannan mas'ala a babin amana, watau izinin da ake ba wanda ba Musulmi ba ya shigo ƙasar Musulmi na ɗan lokaci, ransa da dukiyarsa a tsare. Malaman Hanafiyya suka ce wa'adin kada ya wuce shekara guda. In ya zaɓi ya zarce, sai ya zama ɗan amana mazauni, da haƙƙoƙinsa da abin da ke kansa. Abin lura shi ne, sun ga bai kamata a bar mutum yana reto tsakanin baƙunci da zama ba iyaka.

Kada a ɗauka ina cewa zamanin da aljanna ne. Akwai bayi da aka kawo ƙarfi da yaji, waɗanda ba a tambaye su ba. Akwai Sabon Garin Kano, da Turawa suka keɓe wa baƙin kudu wajen 1913, inda tsanin nan bai yi aiki ba, kuma mun san abin da ya faru a 1953 da 1966. Abin da nake cewa kawai shi ne, a tsohon tsari daɗewa tana ƙara wa baƙo haƙƙi. A tsarin takarda kuwa mutum yana iya shekara 40 a wuri, ranar da takardarsa ta ƙare ya koma daidai da wanda ya sauka jiya.

Alhazan da Ba Su Ƙarasa Ba

Takarda ta zo ne tare da iyaka. Tsakanin 1890 da 1906 Ingila da Faransa suka yi ta yarjejeniya a kan inda mulkin kowa zai tsaya, suka ja layi ya raba Katsina da Maraɗi, ya raba Kano da Damagaram. Hausawan farko da suka ɗanɗani hukuncin wannan sabon zamani su ne waɗanda suka guje masa.

Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kama hanyar gabas, jama'a masu yawa suka bi shi, har daga ƙauyukan Kano. An kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a har Sudan, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wanda har yau ake kira Mai Wurno. Bayansu kuma dubban maniyyata suka yi ta bin wannan hanya da ƙafa, suna yada zango su yi ƙodago su tara guzuri. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, guminsu na cikin abin da ya raya su. Su kansu suna ɗaukar zaman na ɗan lokaci ne, niyyarsu Makka. Wani masani, Bawa Yamba, ya rubuta littafi a kansu a 1995, inda ya nuna har jikoki da tattaɓa-kunne da ba su taɓa ganin Makka ko Kano ba suna kiran kansu matafiya a kan hanya.

Hukuma ta kama su da wannan kalma. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta ce sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba, 1897. Mutanen Mai Wurno sun iso bayan 1903, saboda haka 'yan shekaru kacal ne suka fitar da su. An sassauta wannan sharaɗi daga baya, amma tabon bai goge ba. A watan Yulin 2022, da Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, wasu suka ce baƙi ba su da ƙasa, rikici ya ɓarke, mutum fiye da 100 suka mutu a wannan wata kaɗai. Shekara kusan 120 ke nan bayan Burmi, ana ce musu masu wucewa, daidai da abin da kotun Dominika ta faɗa wa jikokin 'yan Haiti.

Gana, 1957 da 1969

Hanyar yamma kuwa ta goro ce. Tun kafin jihadi fatake ke zuwa Gwanja, Salaga ta zama babban zangonsu, har yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa ta, Hausawa suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Ankara. Babban malamin nan Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, a Kete-Krachi ya rasu a 1934. A kowane gari akwai zango, da Sarkin Zango, da fatoma mai saukar da fatake ya tsaya musu a ciniki. Muddin Ingila ke mulkin Gana da Nijeriya, ba wanda ya tambayi Bakano takarda a Kumasi.

'Yancin kai ne ya kawo tambayar. A 1957, watanni kaɗan bayan Gana ta sami mulkin kanta, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, jagoran zangon Kumasi, da Alhaji Usman Ladan, saboda suna goyon bayan 'yan adawa. Suka kai ƙara suka ce a Gana aka haife su. Kafin kotu ta yanke hukunci majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu, ta tsayar da shari'ar, aka turo su Nijeriya.

Wannan somin taɓi ne. Ƙidayar 1960 ta nuna baƙi a Gana sun haura 800,000, watau kimanin 12 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Da tattalin arziki ya taɓarɓare, aiki ya yi wuya, sai ido ya koma kansu. Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Dokta Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama kwana 14 ya samo ta ko ya fita. Mafi yawansu ba su taɓa riƙe fasfo ba, domin lokacin da suka zo babu mai bukatarsa, kuma dokokin zama ɗan ƙasa da aka yi ta sauyawa sun bar da yawa daga haifaffun zango a matsayin baƙi. An ƙiyasta 'yan Nijeriya kimanin 140,000 suka fito, galibinsu Yarbawa, tare da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da suka nufi ƙasashensu. Aka sayar da gidaje da rumfuna da gonakin koko a wulaƙance, ga Nijeriya kuma tana cikin yaƙin basasa a lokacin. Dattawan ƙauyukanmu na Kano suna ba da labarin waɗanda suka dawo a wannan shekara, wasu da 'ya'yan da Hausarsu ta zango ce, suka tarar an daɗe da raba gonar gado. Mutumin da ya mallaki gida a Kumasi ya dawo yana neman aron gona a garin ubansa.

Abin mamaki, wata biyu kafin wannan umarni, ranar 10 ga Satumba, 1969, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta amince da yarjejeniyarta a Addis Ababa, wadda ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira har ta haɗa da wanda mamaya ko rikici ya kora. Amma ba ta ce komai ba game da wanda ya daɗe zaune lafiya, aka wayi gari aka ce masa baƙo.

Ranar da Wuƙa Ta Dawo Hannunmu

Da mun tsaya a nan, da sai mu tashi muna ganin mu ne kullum ake zalunta. Tarihi bai yarda ba. Farin 1972 zuwa 1974 ya koro Buzaye da sauran mutanen Nijar zuwa Kano da Katsina da Sakkwato, kamar yadda yunwar Kakalaba ta 1914 ta taɓa koro kakanninsu. Talakawa suka karɓe su ta tsohuwar hanya, wasu suka kama gadi, wasu ƙodago a gonaki. Arzikin man fetur kuma ya jawo 'yan Gana da yawa, har da malaman makaranta. A 1975 aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko, a 1979 kuma aka sa hannu a Dakar cewa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Ku lura, wannan ma izinin wucin gadi ne. Jama'a suka shigo, kwana 90 ya wuce, ba wanda ya ce uffan, domin ana bukatar hannunsu.

Alamar farko ta bayyana a Janairun 1980, lokacin da gwamnatin tarayya ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ta tsallaka da shi Cadi a kan cewa ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ta ce ɗan Nijeriya ne, aka dawo da shi. Shi yana da jam'iyya da lauyoyi. A watan Disambar wannan shekara rikicin Maitatsine ya ci rai fiye da 4,000 a Kano, kuma da yake jagoransa Muhammadu Marwa mutumin Kamaru ne, sai aka shafa wa baƙi duka kashin kaji. Farashin mai ya faɗi, zaɓe ya ƙarato. Ranar 17 ga Janairu, 1983, ministan harkokin cikin gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Kwana 14, daidai da na Busia. An ƙiyasta mutum kimanin miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran daga Nijar da Cadi da Kamaru da Togo da Benin. Jakar nan da muke kira Gana-mas-go daga nan ta samo sunanta. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki, a 1985 ta sake korar baƙi, daidai lokacin da wani farin ya afka wa Sahel. Har yau a ƙasar Nijar ana kiran yunwar wannan lokaci El-Buhari. Cikin waɗanda suka sha wannan wuya akwai Hausawan Maraɗi da Damagaram, waɗanda ba abin da ya raba mu da su sai layin 1906.

Maraɗi Ta Rama Alheri

Bahaushe ya ce gida biyu maganin gobara. Da gobara ta tashi a namu gidan, Nijar ce ta buɗe ƙofa. A Disambar 2013 gwamnatinta ta ba mutanen Borno da Yobe da Adamawa da suka tsere wa Boko Haram matsayin 'yan gudun hijira na wucin gadi, galibinsu a yankin Diffa. A 2019 kuma mutum fiye da 40,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. Ƙauyukan Gidan Rumji ne suka fara saukar da su a gidajensu, kafin hukuma da Majalisar Ɗinkin Duniya su matsar da wasu zuwa wurare irin su Garin Kaka da Cadakori, nesa da iyaka. Maraɗi ta san zafin abin, domin ita kanta sarakunan Katsina da suka gudu bayan jihadi ne suka kafa ta.

Zaman aro bai ƙare ba. Ranar 29 ga Janairu, 2025, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin 'yan ƙasashen uku su shiga su zauna kamar da, har sai an ba da wata sanarwa. Ashe mai shayi ɗan Tawa da ke kasuwar Minjibir, da ɗan kasuwar Kano da ke Yamai, duk sun wayi gari a ranar zamansu ya rataya a kan alƙawarin da ba a faɗi iyakarsa ba.

Kammalawa

In muka jera waɗannan labarai za mu ga tafarkinsu ɗaya. Ana karɓar mutane lokacin da ake tausayinsu ko ake bukatar guminsu, a ce na ɗan lokaci ne. Lokacin ya yi tsawo, su yi saiwa. Sai tattalin arziki ya girgiza ko zaɓe ya zo, a tuna cewa takardarsu ta aro ce. Hujjar masu korar a ko'ina ita ce, ƙasa tana da ikon tsare iyakarta, kuma in aka mayar da kowace mafaka ta dindindin, gobe ba mai yarda ya buɗe ƙofa. Wannan hujja tana da nauyi, ban raina ta ba. Amsarta ita ce a sa wa'adi sananne tun farko: in masifa ta wuce kafin wa'adin, baƙo ya koma gida da mutuncinsa, in ta zarce, a buɗe masa mataki na gaba. An taɓa yin haka. Amurka kanta ta yi wa 'yan Kuba doka a 1966 da ta ba su damar neman zama na dindindin bayan ɗan lokaci. Tanzaniya ta ba 'yan Burundi kimanin 162,000 da suka gudo tun 1972 takardar zama 'yan ƙasa, aka damƙa musu ita a 2014. Kolombiya a 2021 ta ba 'yan Benezuwela izinin shekara 10, da hanyar neman zama a cikinsa.

Ga ma'aikatan gwamnati da ke wannan zaure ina da roƙo uku. Na farko, duk yaron da aka haifa a ƙaramar hukumarku a yi masa rajistar haihuwa, ko iyayensa daga ina suke, domin rashin wannan takarda ne ya kayar da haifaffun zangon Kumasi. Na biyu, tsarin mulkinmu na 1999 ya yarda wanda ya shekara 15 a ƙasar nan ya nemi zama ɗan ƙasa. Ya kamata talakan da ya cancanta ya san da wannan ƙofa, kada ta zama ta attajirai kaɗai. Na uku, in wata rana aka miƙo muku umarnin kora, ku tuna kwana 14 ba ya isar mutum ya sayar da akuyarsa da daraja, balle gidansa, kuma ko wanda ba shi da jam'iyya ya cancanci a saurare shi gaban alƙali kamar yadda aka saurari Shugaba Darman.

Ku kuma ɗalibai, waɗanda suka dawo daga Gana a 1969 suna ƙarewa, kuma kaɗan ne daga labarinsu aka rubuta da Hausa. In kun je hutu, a Minjibir ne ko Kunya ko wani gari, ku nemi tsohon da ya yi zaman Kumasi ko tsohuwar da aka haifa a hanyar Sudan, ku zauna ku ɗauki maganarsu, ku tambaye su wa ya ba su aron gona da suka dawo, kuma shekara nawa suka yi kafin su dasa itacen kansu.